Shekarar da Na Ƙi Sa wa Yaya Garba Hannu

Labarin abin da ya shiga tsakanina da kawunku Garba kun ji shi iri biyu. A gidanmu na New Bell, a nan Douala, babanku ya gaya muku cewa uwarku ma'aikaciya ce mai gaskiya, wadda ko ɗan'uwanta bai sa ta karkace ba. A gidan kawunku na Kassalafam kuma, 'ya'yansa sun tashi da cewa gwaggonsu 'yar boko ce da ta toshe wa ubansu hanyar abinci don ta burge mutanen ofis. Na bar maganganun nan biyu suna yawo shekara da shekaru, saboda ta farkon tana yi mini daɗi, ta biyun kuwa ba a gabana ake faɗinta ba. Yanzu na bar aiki, ƙafa ta yi nauyi, ina da lokacin zama in rubuta yadda abin ya kasance.

A shekarun ɗauke wuta ne, abin da muke kira delestaj. Ku manyan za ku iya tunawa. Wuta takan tafi da hantsi, sai gobe, wani lokaci sai jibi. Matan unguwa masu sayar da ƙanƙara da folere, wato zoɓo, suka riƙa zubar da kaya, teloli suka koma keken ƙafa, ladanin masallacinmu ya koma kiran salla da maƙogwaronsa kawai. Fetur ya yi tsada, hanyar Arewa ta lalace saboda fitinar da ake yi a can, kayan da aka saba kawowa daga Kano suka yi wuyar samu. Janareta ya zama na mai hali. A nan ne mutane suka juya ga farantin sola, wanda mu a nan muke cewa pano. Duk rufin da ka ɗaga kai ka duba, daga New Bell har Kassalafam, sai ka ga baƙin gilashi ɗaya ko biyu an ɗaure shi da waya a kan kwano mai tsatsa.

Yaya Garba yana cikin waɗanda suka fara sayar da shi a unguwarmu. Ya girme ni da shekara tara. Baba ya zaunar da shi a shago tun da wuri, ni kuma aka kai ni lekol, makarantar boko, don haka ni na tashi da Faransanci, shi ya tashi da kasuwa. Bai iya karanta takardar gwamnati ba, amma yana jin Pijin da Fulatanci, kuma in ya ɗora hannu a kan inji yakan san ciwonsa. Da Baba ya rasu shi ya riƙe gidan, shi ya aurar da ni. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. "Yayanki" take cewa, ko tana magana da wanda ba ƙanensa ba.

Sai ga wata ƙa'idar gwamnati ta fito. Ba zan cika ku da sassanta ba. A taƙaice, pano da aka shigo da shi a haɗe daga waje zai biya kuɗin duwan, wato kwastan, cikakke. Wanda aka haɗa a cikin ƙasa kuwa za a sassauta wa kayan haɗinsa, kuma shi kaɗai za a saya a ayyukan gwamnati, wato asibitocin ƙauye da makarantu da famfunan burtsatse. Niyyar ba ta da laifi: an ce samarinmu su sami aiki, kuɗinmu su zauna gida. Amma abin da aka gani a kasuwa daban ne. Cikin 'yan makonni farashi ya tashi, ƙananan 'yan kasuwa irin na unguwarmu suka kasa shigo da kaya. Tsofaffin pano da Turawa suka gama da su suka fara shigowa a matsayin gwanjo, talaka ya saya ya ɗora a rufi, damina ɗaya ta kashe shi. Manyan 'yan kasuwa ba su yi gardama da kowa ba. Rumfuna suka kama haya, suka rubuta suna a ƙofa, Douala ta wayi gari cike da masana'antu.

Ofishinmu aka ɗora wa zuwa a duba waɗannan wurare, a rubuta rahoto, kafin a ba da takardar shaidar cewa a gida aka haɗa kayan. Ina cikin masu zuwa. A lokacin na haura shekara ashirin a wurin, ni kaɗai ce Bahaushiya, ni kaɗai ce mai mayafi. Wurin farko da na je na wata mata ce injiniya, a bayan gari. Ita da gaske take yi. Ƙwayoyin solar kawai take sayowa daga waje, a nan ake jona su, a shimfiɗa tsakanin gilashi da roba, a gasa a wani babban inji har su manne. Ina tsaye aka ɗauke wuta, duk abin da ke cikin injin ya lalace. Ko a fuska ba ta nuna ba, ta ce mini karo na uku ke nan a makon. Nata ya fi na kowa tsada, kuma ba ta da yadda za ta yi.

Wuri na biyu na wani babban attajiri ne. Shi an shigo masa da pano a gama, sai dai an cire firam ɗin alminiyum da ɗan akwatin waya na baya an zuba su a kwali daban. Aikin da ake yi a rumfarsa shi ne a mayar da firam, a ɗaure kusoshi, a manna akwatin, a liƙa takarda mai launin tutar ƙasa. Na rubuta abin da na gani. Washegari shef ɗinmu, shugaban sashenmu, ya kira ni ofishinsa, rahoton yana gabansa. Da Faransanci muka yi maganar.

"Madame, me doka ta ce?"

Na ce ta ce a yi muhimmin ɓangare na aikin a cikin ƙasa.

"Ta faɗi kusa nawa ne ke zama muhimmi?"

Na ce ba ta faɗa ba.

"To ba ni da ke za mu ƙirga mata ba. Je ki sake rubutawa."

Na sake rubutawa, na sa hannu. Ba a ba ni ko dala ba, ban kuma nema ba, ina so ku san wannan ma. Wuri na uku irin na biyun ne sak, na wani da ake cewa yana da mutane a Yaoundé. Shi wannan ba sai da aka kira ni ba, na sa hannu.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna gidan Inna, kamar yadda muka saba, Yaya ya ce yana da magana. Ya sayar da shagon Baba, ya kama rumfa a Ndogbong, ya ɗauki magidanta shida aiki, kayansa suna kan ruwa. Ya ce wani da ya sami aikin sa wuta a asibitocin ƙauye ya yi masa alkawarin sayen duk abin da ya haɗa, in dai akwai takardar shaida. Inna ta yi masa addu'a. Ni na tambaye shi ko ya sayi injin gasawa.

Ya yi dariya ya ce, "Sa'adatu, wa ya sayi injin gasawa a garin nan, in ba matar nan da ke asara kullum ba? Yadda manya suke yi haka zan yi. In ba haka ba sai dai in zauna ina kallon kasuwa ta wuce ni."

Bai roƙe ni komai ba, ko a ranar ko bayanta. Ya san a wane ofis nake, bai taɓa ɗaga maganar ba.

Bayan wata biyu dosiyensa, wato fayil ɗin takardunsa, ya iso ofishinmu. A takarda ba mai gane cewa 'yan'uwa ne mu, don shi sunan kakanmu aka rubuta masa, ni kuma ina amfani da na babanku. Wani abokin aikina, Etienne, tsaranmu ɗaya da shi, shi ya ɗaga dosiyen a gaban mutane ya ce, "Wannan na Magida ne, a ba Madame, su suka san yaren junansu." Magida shi ne sunan da suke kiran duk mutumin Arewa. Aka yi dariya, ni ma na yi. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, kuma na san shi a lokacin: in shiga wurin shef in ce wannan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a ba wani. Da na yi haka da Etienne ya je shi kaɗai, ya duba, ya sa hannu kamar yadda ake sa wa kowa. Ban yi ba. Na sha tambayar kaina dalili. Shekara ashirin na yi ina jin ana cewa Hausawa ba su san doka ba sai ɗan'uwa, ina ta ƙoƙarin kada a faɗe ta a kaina. Sannan kuma kujerar mataimakin shef za ta zama babu kowa a ƙarshen shekarar, sunana da na Etienne ake ambata. Na ji tsoron in na ce yayana yana cikin masu ɗaure kusoshi, za a ce da sanina, za a ce ni na koya masa hanyar. Sai na ɗauki dosiyen na yi shiru.

Ranar da muka je ana ruwa tun safe, irin ruwan Douala da ba ya sauri ba ya kuma tsayawa. Motar ofis ta lalace, benskin, wato acaɓa, muka hau ni da Etienne har mahaɗar Ndogbong, muka ƙarasa da ƙafa cikin taɓo. Yaya yana bakin rumfar da farar riga, ya sa an share wurin, an jera kujeru biyu. Da ya gan ni fuskarsa ta saki, ya buɗe baki zai kira sunana. Na riga shi.

"Bonjour, Monsieur."

Ya tsaya yana dubana. Bai daɗe ba, amma na ga lokacin da ya gane. Ya juya ga Etienne ya gaishe shi da Pijin, sannan ya gaishe ni yadda ake gaida matar da ba a sani ba. Etienne ya ce in riƙa fassara masa tambayoyin da Hausa don kada a yi kuskure. Haka na tsaya ina tambayar mutumin da ya aurar da ni sunansa, da sunan mahaifinsa, da unguwar da yake zaune, yana ba ni amsa ɗaya bayan ɗaya, ina rubutawa. Ma'aikatansa duk sun san ni, akwai wanda gidansu ke kallon na Inna. Suka ci gaba da aikinsu kamar ba su san ni ba.

Aikinsa iri ɗaya ne da na manyan nan biyu, sai dai nasa ya fi tsabta. Yakan bi gefen kowane firam da gam don kada ruwa ya shiga, kuma kowane pano sai an fitar da shi an gwada kafin a sa a kwali, abin da ban gani ba a sauran. A hanyar komawa Etienne ya ce, "Duk ɗaya ne da na jiya da shekaranjiya. Ki rubuta mu wuce." Na koma ofis na rubuta abin da na gani dalla-dalla, kusan kalma da kalma irin rahoton da aka sa na yaga a baya, na rufe da cewa ba a cika sharaɗi ba. Ina tsammanin a raina na sa ran shef zai kira ni ya ce in sake, in ya so laifin amincewa ya zama nasa. Bai kira ni ba. Ya karanta, ya buga hatimi, ya aje a gefe. Ba wanda ya buga masa waya saboda Garba na Kassalafam.

Kwana uku bayan takardar ƙin amincewar ta isa hannunsa Inna ta aiko a kira ni. Na same ta bayan la'asar a tsakar gida tana tsince wake. Ba ta ɗaga kai ba.

"Yayanki ya ce kin je wurinsa kin yi masa Faransanci."

Na ce aiki ne, Inna.

"Ni ban san takarda ba. Abu ɗaya zan tambaye ki. Abin da ya yi, shi kaɗai ya yi shi a garin nan?"

Na ce, "Inna, doka ce. Ba ni na rubuta ta ba."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce in gaida yara. Ba ta sake tambayata ba har ta bar duniya, ni ma ban taɓa ba ta amsar ba.

Shi kuwa Yaya sau ɗaya ya zo gidanmu a kan maganar, da safe, bayan babanku ya fita. Bai zauna ba, a bakin ƙofar falo ya tsaya. Ashe ɗaya daga cikin mutanensa ya taɓa aiki a rumfar attajirin nan, kuma yana nan ranar da na je dubawa, ya kuma ga takardar shaidar da aka rataye a bango daga baya, da sunana a ƙasa.

"Sa'adatu, ban zo ki gyara komai ba, an riga an buga hatimi. Na zo ne in gaya miki na sani. Da kin hana kowa, wallahi da ni zan fara yin alfahari da ke a kasuwa, in ce ƙanwata ce, ko ni ba ta bari ba. Amma kin duba duk garin nan, kin zaɓi wanda kika san ba zai kai ƙararki ko'ina ba."

Na ce masa yana iya ɗaukaka ƙara, akwai hanya, zan nuna masa yadda ake rubutawa.

Ya ce, "In rubuta in ce me? In ce mai dubawar ƙanwata ce ta ɓoye? Su kore ki?" Ya gyara hularsa ya fita.

Sauran abin kun gan shi da idonku, ko da ba ku san tushensa ba. Da babu takardar shaida, mai aikin asibitocin ya koma wurin wani. Kayan Yaya na biyu suka maƙale a tashar jirgin ruwa, duwan suka ce ya biya cikakke, ya bar musu. Waɗanda ya riga ya haɗa ya riƙa sayar da su ɗaɗɗaya a bakin hanya har suka ƙare. Ya rufe rumfar kafin damina ta zagayo, magidantan nan shida kowa ya kama gabansa. Mutumin da ya haura hamsin, wanda bai taɓa yi wa kowa aiki ba sai ubansa, ya koma zaman shagon wani a kasuwa, yana gyara janareta. Ya daina zuwa gidan Inna ranar Juma'a, ya koma Asabar. A ƙarshen shekarar aka ba ni kujerar mataimakiyar shef. A takardar ƙarin girman an yabi tsantsenina.

Ita ƙa'idar ba ta yi tsawon rai ba. Farashi ya yi yawa, mutane suka yi ta kuka, aka yi mata kwaskwarima, sannan aka daina maganarta. Rumfunan suka koma wuraren aje siminti da shinkafa. Matar nan injiniya ta riga kowa rufewa, na ji an ce ta sayar da injin a matsayin ƙarfe. Pano na waje ya dawo, ya fi da araha, har wanda ke kan rufinmu yanzu daga cikinsu yake. Babanku, Allah ya jiƙansa, ranar da na gaya masa na ƙi sa wa Yaya hannu ya ce na yi daidai, gaskiya ɗaya ce. Ban gaya masa sauran hannayen biyu da na sa ba. Ya yi ta ba abokansa labarin a ƙofar masallaci, ina ji daga ciki. Ya tafi bai sani ba.

Ni da Yaya ba mu yi gaba irin wadda addini ya hana ba. Muna gaisawa a suna da biki, da salla yakan aiko da nama, nakan aika wa matarsa da atamfa. Ranar jana'izar Inna shi ya tsaya a kan komai, ya zo ya yi mini gaisuwa kamar yadda ya yi wa sauran mata. Haka muka yi shekaru.

Bara, bayan na bar aiki, na hau benskin da hantsi na tafi Kassalafam ban gaya wa kowa ba. Na same shi a zaure a kan tabarma, ido ya fara ba shi wahala, sai da na yi magana ya gane ni. Na zauna a ƙasa na faɗi abin da na rubuta muku a nan, ban rage ba, har da maganar kujerar. Na ce ya yafe mini.

"Na yafe tun shekarar, Sa'adatu. Na san wurin da kike, na san yadda suke kallonki. Fushi ne kawai ya rage, shi kuma ba ya jin magana."

Na ce to me ya hana ya gaya mini.

"Girman kai. Sau uku Inna tana roƙona in dawo zuwa ranar Juma'a, ta ce ba ta son komai, so take ta gan mu a tsakar gida ɗaya tana raye. Na ukun tana kwance ne, ta kama hannuna. Na ce mata to, sati mai zuwa. Ba ta kai satin ba." Ya shafa fuskarsa. "Ke kin sami wanda za ki roƙa. Ni wadda zan roƙa ta tafi."

Ya ɗaga murya ya gaya wa matarsa cewa Sa'adatu ce ta zo, a kawo mata abinci. Na zauna a wurin har aka kira azahar, ya lalubi butarsa, na miƙa masa.